Babura Biyu a Bayan Sienna, Daga Agege Zuwa Eleko

Wanda bai san Legas ba zai yi mamaki in aka ce masa mutum yana da babur sabo fil, da mai a tanki, da takardu cikakku, amma ba shi da halin hawa ya kai wa wanda ya saya. Tun ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta haramta acaba gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Mainland da Lagos Island. Ranar 1 ga Satumba na wannan shekarar aka ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu. Kafin nan ma dokar hanya ta 2012, ta zamanin Fashola, ta riga ta kori ƙananan babura daga manyan tituna da gadoji. Baburan da aka kama kuwa tara su ake yi a niƙe, 'yan jarida na ɗaukar hoto. Kana iya rantsuwa kai ba ɗan acaba ba ne, amma Boxer a idon kowa a garin nan babur ɗin acaba ne, kuma ba mai son gwada sa'a da jarinsa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, sayar da babura da gyaransu ne sana'arsa a Agege. Agege ba ta cikin jerin, sai dai Ikeja na maƙale da ita, kuma masu sayen kayansa sun watsu gefen gari, wasu Ikorodu, wasu Ibeju-Lekki, wasu har Sango Ota a jihar Ogun. Duk wanda ya saya daga gabas, sai babur ya ratsa yankin da aka haramta kafin ya isa hannunsa. Kawu ya daɗe yana shatar danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, a cire kujeru a kwantar da babur, mai ya tsiyaye, madubi ya karye, direba kuma ya caje shi kuɗin fasinjojin da bai ɗauka ba. Yana da Sienna 'yar Amurka, kuma babur ɗaya kan shiga cikinta da ƙyar, amma motar iyali ce, Hajiya matarsa ta ce ita ta gama zuwa biki tana warin fetur.

Shi ne ya kira ni a waya, ni da ke garejin motoci a Zariya. "Ɗana, ka taho ka duba mini ƙarfe. Ƙaramar tirela nake son saye, irin wadda mota ke ja, kuma ba na so a sayar mini da gawa."

Motar dare na bi. Gari ya waye mana bayan Ibadan, muka gangaro ta Sagamu da Mowe, muka hau doguwar gadar da ke kallon kasuwar shanu ta Kara, sai ga Berger. Daga nan zuwa Agege ba nisa, amma sai da rana ta take. Hausawa sun kafu a Agege tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, suna da sarkinsu da masallatansu, da zuriyar da aka haifa a nan masu juya Hausa da Yarbanci ba tare da sun lura ba. Yanzu gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta bi ta saman unguwar, jirgin Red Line kuma yana ratsa tsakiyarta. Shagon Kawu yana bayan layin dogo. Na tarar da shi a kan benci da wasu samari, ana lissafin bashin babur da ake biya mako-mako. Ya aika aka kawo shayi da burodin Agege, mai nauyi mai danƙo, wanda in ka ci rabi ba ka neman komai sai bayan azahar.

Washegari muka nufi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota da ke Mushin, gefen babban titin Oshodi zuwa Apapa. Da wuya ka sami bakanike a Arewa da bai taɓa ɗaura kayan Ladipo ba, ko da bai taɓa taka Legas ba. Amma gani ya kori ji. Injuna jibge har rufi, motoci an yanka su biyu an jera gabansu a layi, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai, ga yara masu tare mutum tun daga bakin titi suna tambayar me ake nema. Yawancin masu shagunan Ibo ne, kuma kowa ya san layin da kaya kaza yake. Sai dai ƙaramar tirela ba kayan da ake bajewa a shago ba ne. Wannan ya tura mu wajen wancan, har aka kai mu wani fili a can baya, wurin wani mai shigo da kwantena wanda ke cusa duk abin da ya samu a sararin da injuna suka bari.

Biyu ne suka cancanci kallo. Ɗaya ja ce, 'yar Amurka, mai naɗewa, da ƙananan tayoyi masu wili inci 8. Ɗayar 'yar Turai ce, toka-toka, katakon shimfiɗarta ya ruɓe har ƙafa na burmawa, amma wilinta inci 13 ne, kuma ƙarfenta an tsoma shi a ruwan tutiya tun daga masana'anta. Idon Kawu yana kan jar.

"Wannan ta fi kyan gani, kuma in an naɗe ta za ta shiga lungun shago."

"Kawu, bari in kwanta a ƙarƙashinsu tukuna."

A tafiyar da babbar taya za ta juya sau biyar, ƙaramar sai ta juya kusan sau bakwai. Boris ɗinta, wato ƙarfen cikin cibiya da taya ke juyawa a kansa, ya fi saurin ɗaukar zafi, kuma ramin da babbar za ta haye, ita faɗawa za ta yi. Mai kaya ya ce ai tayar keke napep ma inci 8 ce, ana samunta ko'ina. Gaskiyarsa, amma ita ba don gudun babban titi aka yi ta ba. Da na ƙwanƙwasa mahaɗin naɗewar da sifana sai tsatsa ta zubo ɓawo-ɓawo, fenti ne kawai ke rufa mata asiri. Ita kuwa 'yar Turan, na sa jak na ɗaga ta, na juya kowace taya ina saurare, na kama sama da ƙasa na girgiza. Ta dama lafiya lau, ta hagu tana 'yar gurnani, wato boris ya kusa. Wannan ƙaramin aiki ne. Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne wuya, wato ƙarfen da ke haɗa ta da mota, ko aksul da ya lanƙwashe, su kuwa sambal suke. A jikin wuyan akwai ɗan faranti da aka buga da kusa, an rubuta kilo 750, nauyinta da na kayanta gaba ɗaya. Iyakar da Turawa suka yanka wa tirelar da ba ta da birkin kanta ke nan, kuma Boxer ɗaya bai kai kilo 120 ba.

Tayoyin suna da zane raɗau, mai kaya yana ta nuna mana da yatsa. Na nuna masa lambobi huɗun ƙarshe da ke jikin tayar, 3514, wato mako na 35 na shekarar 2014. Tayar tirela ba cinyewa take yi ba, tsufa take yi a tsaye, gefenta ya tsattsage ana ganin zane kamar sabo. Da wannan da boris ɗin Kawu ya riƙe ciniki. Ya yi tafiyarsa har bakin fili aka kirawo shi, aka daidaita, ya sa aka rubuta rasit da lambar shasi a ciki.

Inda rigimar ta taso shi ne wajen jan ta zuwa gida. Sienna ta zo daga Amurka da ƙarfen ja a ƙarƙashin bambar baya, da ƙwallon ƙarfe a kansa, an buga masa inci 1 da 7/8, wato milimita 47.6. Bakin tirelar Turai kuwa na ƙwallon milimita 50 ne. Yaron shago ya ɗora bakin a kan ƙwallon, ya danna mariƙi, ya ce, "Alhaji, ta shiga, ku tafi kawai." Ta shiga kam, irin shigar da ke fita. Ratar ba ta kai milimita uku ba, ido ba ya ganinta, amma rami ɗaya mai kyau ya isa ya cilla bakin sama, tirela ta kama gabanta a tsakiyar Oshodi. Ya kawo wani na inci 2, shi kuma milimita 50.8 ne, ya yi wa bakin yawa, mariƙi ya ƙi rufuwa, yaron har ya ɗauko guduma. Na ce ya ajiye. Muka koma layin kayan motocin Turai muka yi ta tono, sai da muka sami ƙwallo mai gindin zare da noti wanda aka buga wa 50 a ka. Duk sayayyar ranar ba abin da ya kai shi araha, kuma ba abin da ya ci mana lokaci kamarsa.

Ƙarfen shimfiɗa a Owode Onirin muka saya, a hanyar Ikorodu, gaba kaɗan da Mile 12. Ba ya yiwuwa Bahaushe ya wuce Mile 12 bai tsaya ba. Motocin tumatir da tattasai da albasa daga Arewa suna ta saukewa, 'yan dako na gudu da kwanduna a ka, Kawu kuma kowane taku sai wani ya riƙe masa hannu a gaisa. A nan muka ci tuwo muka yi azahar. Owode Onirin ita kuma ƙarfe ne zalla, sabo da tsoho, ana yankawa ana aunawa. Muka ɗauki ƙarfe mai kwari, wanda tayar babur za ta zauna a cikinsa, guda uku masu tsawon mita biyu-biyu, biyu na zama ɗaya na hawa, da bututu da zobba da ɗan farantin takawa na tsakiya. Cikakken daɓen ƙarfe nauyin banza ne, kuma ruwa yake tarawa.

Mai waldar Kawu wani dattijon Bayarabe ne da ya yi shekaru a Sabon Garin Kano, Hausarsa har da karin magana. Ya zagaya tirelar, ya kankare jikinta da farce, ya ce, "Alhaji, wannan ba zan sa mata wuta ba." Dalilinsa biyu, kuma duka na yarda da su. Walda tana ƙone tutiyar da ke kare ƙarfen, nan tsatsa za ta fara. Sannan farin hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Yaransa suka ce ai sai a sha madara, ya ce madara ba ta shiga huhu. Sai ya huda ya ɗaure komai da noti mai kulle kansa, walda kuma ya yi ta a kan sabon ƙarfen kaɗai, a ƙasa, kafin a ɗora. A gaban kowane kwari ya lanƙwasa bututu ya yi wa tayar gaba mazauni, inda za ta shiga ta cije. Ya sa ɗaya ya ɗara ɗaya gaba da kamar taƙi guda, don kada kawunan baburan su yi karo. Da na ce a matsar da zobban ɗauri su yi gaba kuma su buɗe waje, ya dube ni ya ce, "Injiniya, ashe ka taɓa ɗaure kaya." Aka shafa jan fenti mai hana tsatsa, aka bi da baƙi.

Batun rabon nauyi, duk wanda ya taɓa loda amalanken shanu ya san shi. In kaya suka yi baya, itacen ja ya ɗaga sama, shanu su rasa ta yi. In suka yi gaba da yawa, wuyansu ya sha. Tirela ma in nauyinta ya koma bayan aksul, da an ɗan yi gudu sai ta fara wutsil-wutsil hagu da dama har ta ja gindin motar. Abin da ake so, kamar kashi goma cikin ɗari na nauyin duka ya sauka a kan ƙwallo. Muka aro sikelin rataye wajen 'yan jari-bola na bayan layi, muka ɗora babura biyu, muka rataye wuyan. Lissafinmu duka kayan sun kai wajen kilo 400, sikeli kuwa ya nuna ƙasa da 30. Baba mai walda ya kwance, ya matsar da kwarin gaba, ya sake hudawa, sai da allura ta zauna a 45. Da walda aka yi, da sai an yanka.

Wayarin ya zo da tasa matsalar. Soket ɗin Amurka mai baki huɗu yana haɗa fitilar birki da sigina a waya ɗaya, na Turai mai baki bakwai yana raba su. Mai wayarin ya bar na Amurkan, ya jawo kowace waya daga fitilun bayan motar zuwa sabon soket. Na tsaya a kansa a kan abu biyu, wayar at, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tafi har cikin soket maimakon a dogara da haɗuwar ƙarfe da ƙarfe a kan ƙwallo, kuma fitilun su zama rufaffu waɗanda ruwa ba ya shiga. Muka ƙara sarƙa biyu daga wuyan zuwa motar, a gicciye ta ƙasa, yadda ko bakin ya fita wuyan zai faɗa a kansu bai caki kwalta ba. Tirela tana rufe lambar mota, saboda haka batun lamba da takardu Kawu ya kai ofishin lasisi da ƙafarsa, bai yarda da ɗan tsakiya ba.

Ɗauri shi ne inda na fi samun gardama da yaran shago, don su robar tib suka sani. Roba tana miƙewa, babur ya yi ta rawa har ya kwanta. Bel muka saya, irin na direbobin manyan motoci amma ƙanana, huɗu ga kowane babur. Na gaba biyun ba a kan hannun babur ake ɗaura su ba, yana lanƙwashewa, kuma ana matse wayoyin birki da totur. Ƙasan wuyan babur ake kamawa, inda sandunan shokozoba biyu suka haɗu, a ja hagu kaɗan, dama kaɗan, har gaban ya nutse kamar sulusi zuwa rabi. In bai nutse ba, da an faɗa rami zai nutse da kansa, bel ya saki, ƙugiya ta fice. In aka danne shi har ƙasa kuma, robobin man shokozoba ne za su sha wahala. Na baya biyun aikinsu kawai su hana gindi tsalle. A rufe makunnin fetur, a ɗage ƙafar jingina, a naɗe jelar bel kada iska ta kai ta cikin taya.

Ribas kuwa sai da muka je filin idi da yamma. Kawu ya fi shekara talatin yana tuƙi, amma gajeriyar tirela ta mayar da shi ɗan koyo, yara suna ta dariya. Gajeriya ta fi doguwa wuyar ribas, don kafin ka ankara ta karye ta manne da bamba. Na ce ya riƙe sitiyari ta ƙasa, inda hannunsa ya nufa can gindinta zai nufa, kuma kaɗan-kaɗan. Sai muka lura in ba kaya ko a madubi ba a ganinta. Baba ya kafa mata sanduna biyu a kusurwoyin baya, muka ɗaura jan ƙyalle.

Tafiyar gaske ta zo a tsakiyar Yuni, damina ta kankama. Wasu 'yan'uwa biyu, mutanen Kebbi, sun sayi Boxer biyu, suna zaune wajen Eleko a Ibeju-Lekki. Muna idar da asuba muka fita, muka bi Agege Motor Road ta Ikeja, muka karya a Oshodi muka nufi Gbagada. A wani gidan mai na ce Kawu ya tsaya, don gada ce a gaba kuma ba wurin tsayawa a kanta. Bel sabo kan saki a farkon tafiya, kuma sun saki, kowanne ya karɓi ƙarin tamkewa. Na ɗora bayan hannu a cibiyar kowace taya, ɗumi ne kawai. In ɗaya ta fi ɗaya zafi, ko hannu ya kasa zama, to akwai magana.

Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce, an kammala ta a 1990 zamanin Babangida, daga Oworonshoki har tsibiri. Ta hannun dama ana hango Jami'ar Legas, sannan Makoko, gidajen katako a kan ruwa da hayaƙin bandar kifi, da kwale-kwalen masunta a ƙasa. Ni dai rabin kallona a madubi yake. Duk mahaɗin gada sai ka ji bugu kashi biyu, na mota sannan na tirela, baburan su ɗan duƙa su miƙe. Kawu ya tsaya a kan sittin, ana ta yi mana oda. Wata doguwar bas ta wuce mu da gudu, iskarta ta kaɗa tirelar, ya ɗage ƙafa daga totur bai taka birki ba, ta dawo layi da kanta. Amma abin da ya fi ba ni tsoro a Legas ba gudu ba ne, cunkoso ne. Direban danfo yana ganin bayan Sienna ya wuce sai ya cusa hanci, bai san akwai sauran mita uku na ƙarfe a ƙasa ba. Jan ƙyallen nan da muka ɗaura don ribas, a nan ya biya kuɗinsa.

Bayan mun sauka, wajen Ikoyi, wasu jami'ai suka tsayar da mu. Ba laifinsu, wanda ya ga babura biyu sababbi a bayan mota da sassafe dole ya tambaya. Kawu ya miƙa rasit da takardun kowane babur, suka duba lambar inji da ta shasi suka ga sun dace, ɗayansu har yana tambayar inda ake samun irinta. Muka haye gadar Falomo, muka kama hanyar Lekki zuwa Epe, sai sama ta buɗe. Ajah ta ci mana fiye da awa. Daga Sangotedo zuwa Awoyaya da Lakowe gine-gine ne ke ta tashi a kan yashi, ga tankoki da manyan motoci masu nufar matatar Ɗangote, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a Mayun 2023, da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki. Inda aiki ya koma can 'yan acaba suka bi, shi ya sa kasuwar Kawu ta yi wannan nisan.

Layin da masu baburan suke ya zama kogi. Kawu zai kutsa, na ce mu dakata a rumfar wani mai shayi. Cibiyar taya da ta yi tafiyar awoyi tana da zafi, in ta nutse a ruwan sanyi iskar cikinta sai ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta gefen roba zuwa cikin boris. Muka sha shayi har ta huce, sannan muka shiga a hankali, ruwa na taɓa noti. Samarin suka fito da gudu ba ko takalmi. "Sannu da hanya, Baba! Wallahi mun ɗauka sai gobe." Aka kafa ƙarfen hawa, ɗaya ya riƙe birkin gaba, ɗaya ya tallafi baya, aka gangaro da su ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwarzane babu. Suka ciyar da mu shinkafa da soyayyen kifi, suka kai ni na ga teku. Abin da na fi lura da shi a unguwar shi ne ƙofofi da kwanon rufi, har na sababbin gidaje, duk iskar gishiri ta cinye su. A nan Kawu ya daina ambaton jar tirela.

Dawowa ba kaya ta fi zuwa hayaniya. Sifirin da aka yi don kilo 750, in ba nauyi a kansa ba ya lanƙwasa, sai tirelar ta yi ta tsalle tana kwaramniya, dole a rage gudu.

Da safe na tara yaran shago, don ni ba zama zan yi ba. Muka wanke ta da ruwan rijiya tas, musamman ƙarƙashi. Muka ɗaga ta, na cire hular cibiya, na zare fin, na kwance noti mai kunnuwa, boris ya faɗo a tafin hannuna. Na dama giris ɗinsa garau. Na hagu, duk da sabo muka sa kuma duk da jiran da muka yi, giris ya fara yin fari-fari, alamar ruwa ya leƙa. A wanke da kananzir, a bari ya bushe, a duba ko akwai tabo ko shuɗin ƙuna, sannan a zuba giris a tafin hannu a dinga danna boris a kai har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Shafa a waje ba cikawa ba ce. Roba sabuwa, fin sabo, kuma kada a gauraya giris iri biyu. Wanda masu jiragen ruwa ke amfani da shi muka nemo, ya fi jure ruwa. Wajen ɗaure notin nan ake kashe boris da yawa, don yaro gani yake ƙarfi shi ne aiki. A ɗaure ana juya taya har ya zauna, sannan a sassauta kaɗan, taya ta juya sakayau ba tare da girgiza ba. Na rubuta lambar boris ɗin da ta robar da fenti a bangon shago. Sauran kuwa sanannu ne, iskar taya da notin wili da fitilu kafin kowace fita, ɗan giris a kan ƙwallo, bel a shanya a inuwa a ajiye a ɗaki, ita kuma a ɗora ta a kan bulo a rufe tayoyin, a sa wa bakin kwaɗo, a ɗaure ta da sarƙa a jikin turke, don Legas ce.

Kafin in kama hanya har masu aro sun fara layi. Wani zai kai janareto Ikorodu, wani mai raguna yana tambaya ko za a iya kafa mata keji kafin babbar salla. Maƙwabcin Kawu, mai sayar da tayoyi, ya ce shi ma motarsa tana da ƙwallo a baya, aron wuni ɗaya kawai yake so. Kawu ya leƙa ƙarƙashin motar, ya goge kan ƙwallon da babban yatsa, ya miƙe. "Alhaji, naka na Amurka ne. In kana so ka yi shata, in ja maka da motata, kuɗin ma bai kai na danfo ba." Suka tsaya ciniki, ni kuma yaro ya ɗauki jakata zuwa tasha.